Yadda ake kiran CQ da Mos a rediyon 'yan sha'awa

CQ kira ne ga duk mai saurare, Mos kuma hanya ce ta buga haruffa da gajeru da dogayen sautuka. Da farko ka kasa kunne. In ka ji shiru, buga QRL?, wato "akwai mai magana a nan?" Masu gaggawa kan tsallake wannan, su afka cikin hirar wasu.

Ba a tanka ba? To buga CQ sau uku, sai DE, wato "daga", sai lambar kiranka (wadda ake gane tasharka da ita) sau biyu, ka rufe da K, ma'ana kowa ya shigo.

Wanda ya amsa, ba shi rahoton RST, wato lambobi uku da ke nuna yadda ake jin sa. 599 na nufin ana jin sa tangaran, amma 5NN ake yawan bugawa, don N sauti biyu ne kacal, 9 kuwa biyar. In ya fi ka sauri, buga QRS ya sassauta, ba abin kunya ba ne.

Wajen sallama buga 73, wato fatan alheri, sannan SK, ma'ana an gama hira.