Kafin ka tayar da mota, tambaya: wace 85?

A gida ba mu san hanya da lamba ba. Hanyar Kano zuwa Kaduna sunanta A2 a takarda, ta Maraɗi zuwa Damagaram kuma RN1, amma ka taɓa jin wani ɗan kamasho ya faɗi haka a tasha? To ɗan uwa, a Amurka lamba ce sunan hanya. In ka zo da niyyar tuƙin Uber, ko kai saƙon abinci, ko jan tirela, wannan karatu yana gaba da na lasisi.

Watana na biyu a Atlanta wani dattijonmu ya kira ni a waya ya ce, “Yaro, bi 85 ka yi kudu, za ka ga masallacin.” Na bi. Ashe 85 biyu ce a wannan yanki: akwai I-85 ta tarayya, akwai 85 ta jihar Jojiya, kuma dukansu suna yin kudu. Sai bayan la'asar na iso walimar da aka fara da azahar, an riga an kwashe tukwane.

Allon kansa shi ke raba gardama. Mai launin shuɗi da ja a samansa, wannan intastet ce, masu lamba da harafin I a gaba kamar I-85, manyan hanyoyin da aka fara shimfiɗawa bayan dokar 1956 a zamanin Shugaba Eisenhower. Fari da baƙar lamba, tsofaffin hanyoyin US ne, waɗanda aka raba wa lambobi tun 1926. Na jiha kuwa kowace da nata: Jojiya ta zana taswirarta, Kalifoniya ta yi kore.

Da intastet ta zo, ta tarar da lambobi a hannun masu su. Masu tsarin sun yi dabara: tunda ƙananan lambobin US suna gabas da arewa, sai aka fara na intastet daga yamma da kudu. Shi ya sa I-5 take bakin tekun yamma, I-95 a gabas, I-10 a kudu, I-90 a arewa. A tsakiya inda lissafin biyu zai yi karo, aka tsallake: babu I-50, babu I-60. Hanya mai lamba mara ta tsaya kudu da arewa, mai lamba cika ta kwanta gabas da yamma.

Sauran rigimar aka bar wa jihohi, kowace ta yi yadda ta ga dama. Kalifoniya ta yi shara gaba ɗaya ranar 1 ga Yuli, 1964, ta ce lamba ɗaya ba za ta zauna kan hanya biyu ba. Tsohuwar hanyar jiha mai lamba 5 ta koma 35, mai lamba 8 ta koma 26, ta 15 ta zama 7, daga baya ma ta zama I-710. New York da New Jersey suka maida tasu 84 ta zama 284 saboda I-84. Jojiya da Texas ba su damu ba. A Conyers, gabas da Atlanta, 20 ta jiha tana haɗuwa da I-20 ido da ido. A ganina Kalifoniya ce ta tausaya wa baƙo, ko da yake tsofaffin wurin sun sha wahalar sabo.

Wannan tarihi yana da amfani a yau. In ka ga lamba irin 284 kusa da 84, kada ka ɗauka hanya ɗaya ce. Haka in dattijon unguwa ya kira maka lambar da ba ta cikin taswirar wayarka, ba ruɗewa ya yi ba. Mai yiwuwa tsohon suna ne.

Intastet mai lamba uku reshe ce. In lambar farko cika ce, yawanci kewaye take yi wa gari, kamar I-285 a Atlanta ko I-270 a Columbus ta jihar Ohio. In mara ce, galibi tana kutsawa cikin gari ne. Kuma irin wannan lamba tana maimaituwa daga jiha zuwa jiha: I-495 akwai ta a Washington, akwai ta a New York, akwai ta kusa da Boston.

Waya tana kuskure, caji yana ƙarewa. In za a yi maka kwatance, nemi abu uku: irin allon, ɓangaren da za ka fuskanta, da lambar mafita, wato inda za ka sauka daga babbar hanya. A yawancin jihohi lambar mafita tana bin mil ne, ana ƙirgawa daga iyakar kudu ko ta yamma, don haka daga mafita ta 40 zuwa ta 62 kana da kusan mil 22 a gabanka.