Yadda ake saka rubutun ado a katin biki ko bana (banner)

Masu dizain na Kaduna, musamman ƙannenmu da ke aiki da PixelLab ko Canva a waya, don Allah ku daina cusa salon rubutu kala biyar a kati ɗaya, biyu sun isa. Rubutun ado irin Great Vibes ka bar shi wa sunan ango da amarya kawai, amma rana da lokaci da wurin ɗaurin aure ka saka su da rubutu miƙaƙƙe kamar Montserrat, saboda dattijon da zai taso daga Rigasa zuwa Unguwan Rimi so yake ya karanta adireshi ba tare da ya kira jikansa ba.

Salon ya bi taron. Na walimar sauka daban, na bazdei ɗin yara daban, shi wannan yana son haruffa masu ƙiba masu wasa.

Abin da ya fi damuna, yawancin rubutun adon nan ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a tsakiyar suna. Ka gwada haruffan tun farko, in babu ka canja, Andika da Noto Sans suna da su. In da manhajar CorelDraw kake aiki ka danna Ctrl+Q kan rubutun don ya koma zane kafin ka kai wurin firintin, kar kwamfutarsu ta canja maka shi.