Yadda za ki haɗa mazaunin kyandir mai kama da gidan biskit ɗin citta, ba tare da kin kashe kuɗi ba

Duk wadda take leƙa Pinterest ko Instagram a watan Disamba ta san irin ƙananan gidajen nan masu kalar ƙasa-ƙasa da farin zane a jikin taga da rufi, wuta na haskowa daga ciki. Asalinsu daga Jamus ne, can ne ake gasa biskit mai citta da kirfa da kanumfari da zuma a lokacin Kirsimeti, garin Nuremberg ma ya yi suna a kai sosai, sai su yanka shi su haɗa ɗan gida su yi masa kwalliya da farin aisin. Daga baya abin ya bazu zuwa Ingila da Amurka har aka koma yin na ado da ba a ci. Abin dariyar ma citta kam muna da ita a kudancin Kaduna, wajen Kachia, har waje ake fita da ita.

Toh ni abinda na lura shi ne abu biyu kawai ke sa ido ya ce wannan gidan biskit ne, kalar ƙasa-ƙasa da farin layi. In kin samu waɗannan biyun kin gama, sauran duk ƙari ne, don haka ba sai kin yi oda daga waje ba.

Kayan da za ki nema: fulawa gwangwani 2, gishiri mai laushi gwangwani 1, ruwa kusan gwangwani 1, garin kirfa cokali 3 ko 4, garin citta da kanumfari ɗan kaɗan saboda ƙamshi, sai Nescafe cokali 1 don ya ƙara duhu. Sannan tsohuwar kwalbar Bama ko ta jam wadda kyandir zai zauna a ciki, gam, kwali, wuƙa, da farin fenti ko tifeks ɗin 'yan makaranta. Gwangwanin madara ya isa awo, dai dai ki riƙe biyu na fulawa ɗaya na gishiri.

Ki jiƙa Nescafe ɗin a ruwan, ki haɗa busassun kayan a roba, sai ki dinga zuba ruwan kaɗan-kaɗan kina murzawa, kar ki juye shi gaba ɗaya dan Allah, fulawa ta bambanta wata tana shan ruwa wata bata sha. Ki murza kamar minti 10 har ya yi sumul kamar kwaɓin cincin, baya manne wa hannu kuma baya tsagewa. In gishirinki mai tsakuwa ne ki daka shi tukunna, in ba haka ba jikin gidan zai fito da ƙuraje. Ki rufe da leda ya huta minti 20.

Kafin nan ki zana gidan a kwali ki yanke, wannan shi ne ma'auninki. Ki auna kwalbarki, bangon gaba ya ɗan fi ta faɗi da tsawo, samansa ya yi tsini, ki yi biyu irinsa, sai na gefe biyu masu kusurwa huɗu. Ki murza kwaɓin da kwalba ya kai kaurin rabin santimita, ki ɗora kwalin ki bi da wuƙa. Anan ne aikin yake wallahi, wajen taga. Ki yanka taga manya-manya da ƙofa, ki huda ƙananan ramuka da tsinken shan lemo a sama, saboda ta nan hasken zai fito, gidan da tagarsa ta yi ƙanƙanta in an kunna wuta ba abinda za a gani sai duhu. Amma ki bar aƙalla santimita 1 tsakanin taga da bakin bango kar ya karye.

Rufi kuma ni shawarata ki barshi a buɗe. Zafi sama yake tafiya, in kin rufe zai ƙona kwaɓin ya yi baƙi, kuma a buɗen ma ya fi sauƙin saka kyandir da cirewa.

Busarwa: in kina da oben ki sa a wuta can ƙasa, wajen digiri 100, awa 2 zuwa 3, kina juyawa. Wuta mai yawa tana sa shi kumbura ya lanƙwashe. In babu oben ko gas ya yi tsada, in dai lokacin hunturu ne, ki shimfiɗa su a faranti a inuwa inda iska ke bi, kwana 3 zuwa 4 kina juya su safe da yamma. Kar ki sa a rana kai tsaye, sama zai bushe ya bar ciki sai ya tsage. In kin ƙwanƙwasa kika ji ƙarar katako toh ya yi.

Zanen ki yi shi tun suna kwance kafin ki haɗa, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Duk wadda ta iya zanen lalle wannan wasa ne a wajenta, ki zuba farin fenti mai kauri a 'yar leda ki huda bakin ki matsa. Ki zagaye taga da ƙofa, ki yi ɗigo-ɗigo a bakin bango, ki yi layi mai lanƙwasa a sama irin na ƙanƙara da ta zubo, 'yar zuciya ko tauraro a saman ƙofa. Kar ki damu in layin ya karkace, na biskit ɗin gaske ma ba a miƙe yake ba. In ya bushe sai ki manna bangwayen huɗu da gam a kewaye da kwalbar, ki ɗaure da zare ya kwana. Ki shafa banish ko jan farce mara kala ta waje, don gishiri yana jan danshi, in damina ta zo ba a shafa ba zai yi laushi. Sai dai banish yana toshe ƙamshin kirfa, shi yasa wasu suke barin cikin ba shafi.

Wadda bata da lokacin kwaɓi kuma ta wanke kwalba ta cire takardar, ta shafa fenti ruwan ƙasa ta bar wajen taga ba fenti, ta bi da farin zane, shikenan. Ragowar kwaɓi ki yanka tauraro mai kauri, ki danna ƙaramin kyandir mai gwangwani a tsakiya ya yi gurbi, ki ɗan faɗaɗa gurbin don yana tsukewa in ya bushe.

Maganar wuta, in a gidan za ki sa kyandir ɗin gaske toh sai a cikin kwalba kawai, ki zuba yashi kaɗan a ƙasa ya zauna daram, nesa da labule, kuma kar a fita a barshi yana ci. In da yara a gidan ko kuma da kwali kika yi gidan gaba ɗaya, toh ki sayi mai batir, shi ba ruwansa da ƙona komai. Kuma ki gaya wa yaran ba na ci bane, don kama da ƙamshin zai ruɗe su, gishirin da ke ciki ya yi yawa ga cikin yaro, haka ma kare ko mage, ki ɗora shi a sama inda ba za su kai ba.