Yadda Nake Kai Horon Gilashin VR Ga Ungozomomin Karkara

Ni malamar ungozoma ce. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, ma'aikaciya kuma ta ruɗe a minti ɗayan farko, lokacin da ya kamata ta fara hura masa iska. Da gilashin VR, wato wanda ake sawa a ido mutum ya ga kamar yana cikin abin da ake nuna masa, za ta maimaita wannan minti sau goma, babu ran jariri na gaske a hannunta.

'Yar'uwa, kada ki jira sai an sayo gilashin VR na musamman irin Meta Quest. Wayar Android da akwatin kwali irin Google Cardboard sun isa a fara. Ki dai tabbatar wayar tana da giroskof, wato na'urar da ke gane juyawar waya, in ba haka ba hoton ba zai bi juyawar kai ba. Ki sauke darussan tun a gari, ki riƙe caja ta sola.

Ina zaunar da ungozomomin a kujera, minti goma-goma, saboda wasu jiri yana kama su. Nakan fassara umarnin da Hausa, in goge gilashin kafin wata ta saka.

Daga nan sai mu koma kan 'yar tsana da jakar iska, don hannu ya san yadda ake manna abin hurawa a baki da hancin jariri.