Tabar wiwi ta magani: shawara ga sabon zuwa mai jinyar ciwon daji

Idan kun iso ƙasar waje da mai ciwon daji, ko cutar ta bayyana bayan kun iso, ba za a daɗe ba wani zai kawo muku zancen tabar wiwi, ko a wurin aiki ko a ɗakin jiran likita. Mu da muka tashi muna jin sunanta tare da 'yan shaye-shaye, maganar tana yi mana nauyi a baki. Amma duk wanda ya zauna gefen mahaifiyarsa bayan an yi mata kemo, wato maganin asibiti mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin daji, tana ta yunƙurin amai, ko kurɓin shayi ya ƙi zama a cikinta, ya san ba lokacin kunya ba ne.

Ku fara riƙe wannan: wiwi ba ta warkar da ciwon daji. Masu tallar man wiwi a intanet da ke cewa yana narkar da ƙari, kuɗinku suke so, kuma babban haɗarin shi ne mara lafiya ya ajiye maganin asibiti saboda su. Inda aka tabbatar da amfaninta shi ne rage tashin zuciya da aman da kemo ke haddasawa, idan magungunan da aka saba bayarwa sun gaza. Wasu kuma tana buɗe musu cin abinci, ta sassauta zogi, su samu barci. Tun 1985 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da dronabinol, ƙwayar da ke ɗauke da THC, irin sinadarin da ke sa maye a wiwi, don wannan aman.

Doka kuwa kowace ƙasa da tata. A Birtaniya an halatta rubuta ta tun Nuwamban 2018, amma ƙwararren likita ne ke fara rubutawa, ba likitan unguwa ba, kuma da wuya a samu a NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, sai dai ƙwayar nabilone, mai aiki irin na THC, ga masu kemo. Yawancin mutane asibitin kuɗi suke zuwa. Jamus ta buɗe ƙofa a 2017, har inshorar lafiya kan biya wa mai ciwo mai tsanani. Kanada tana da tsarin tun 2001.

Amurka ce ke buƙatar taka-tsantsan, kuma nan ne nake jin tsoro ga 'yan uwanmu. Jihohi da yawa sun halatta ta don magani, Kalifoniya ce ta fara a 1996, za ka ga shago a bakin titi da allon sunansa. Amma harkar shige da fice ta gwamnatin tarayya ce, ba ta jiha ba, kuma dokar tarayya a kan wiwi ba ɗaya take da ta jihohi ba. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba, ko da yana da katin zama na dindindin, wiwi na iya jawo masa matsala ranar neman takardu. Kafin ku yi rajistar katin wiwi na jiha, ku ga lauyan shige da fice, ku kuma tambayi likita ko ƙwayar da FDA ta amince da ita za ta wadatar.

A asibiti, ku faɗa wa likitan daji gaskiya, ko da mara lafiya ya riga ya gwada a ɓoye. Yana buƙatar sani, domin sinadarin CBD da ke cikin wiwi na iya canza yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna, har da warfarin mai tsinka jini. Kada a sayi ganye a hannun mutane: wanda kemo ya raunana wa garkuwar jiki, rumar da ke cikin ganyen na iya kama masa huhu. Wadda ake haɗiya kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu kafin ta fara aiki, don haka kada a ƙara don an ga shiru. Tsofaffi tana sa su jiri da ruɗewa, a riƙa kama musu hannu idan za su banɗaki da dare. Wanda ya sha kuma ya bar tuƙi.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ta fuskar addini, ya kai wa malamin da ya yarda da shi bayanin likita, ya tambayi hukuncin larura.

Takardar likita ba ta tsallaka iyaka da ku. Kanada ma da ta halatta, laifi ne a shiga ko a fita da ita ba tare da izini na musamman ba. Mai shirin Umara ko mai biyawa ta Dubai, tun kafin a sayi tikiti ya nemi likita ya sauya masa da wani maganin aman da zai iya tafiya da shi.