Yadda za ka gane tsohon kanti a Birtaniya ya kusa durƙushewa, da yadda za ka tsira da kuɗinka

Jama'a wannan bayanin na mazauna Birtaniya ne, da ɗalibai, da masu zuwa su yi sayayya su koma. Duk wanda ya san babban titin kasuwa da ke tsakiyar garuruwan ƙasar ya san abin da ake gani yau ba shi ake gani shekara 20 da suka wuce ba. Woolworths da ta buɗe a Liverpool tun 1909 ta faɗi a ƙarshen 2008, kantuna sama da 800 aka garƙame cikin 'yan makonni. BHS ta bi sahu a 2016, Debenhams ta rufe kantunanta na ƙarshe a watan Mayun 2021, Wilko a 2023. Kuma duk sanda irin wannan ya faru akwai bayin Allah da kuɗinsu ke maƙalewa, wani katin kyauta aka ba shi, wato katin da aka zuba wa kuɗi don yin sayayya a kantin, ya jefa a durowa yana jiran Disamba, wani kuma ya biya kafin alƙalami na kujeru ko firji ba a kawo ba har aka rufe ƙofa.

Abu na farko da za ka sa a ranka, sunan da ke rubuce a saman ƙofa daban, kamfanin da ke riƙe da kuɗinka daban. Suna haja ce, ana sayar da shi shi kaɗai ba tare da gini ko ma'aikata ko bashin da ke kansa ba. In ka riƙe wannan sauran bayanin duk mai sauƙi ne.

To mu fara da canjin suna tunda shi ne ido ke fara gani. Ba kowane canjin suna ne alamar ciwo ba gaskiya. John Lewis ta ƙara "& Partners" a sunanta a 2018 kuma tana nan har yau, Currys ma a 2021 ta tattara sunayen PC World da Carphone Warehouse ta mayar da su ƙarƙashin suna ɗaya. Tambayar da za ka yi ita ce, me ya canza bayan allon? Shiga ciki ka duba da idonka. In an sa sabon tambari mai sheƙi a waje amma kafet ɗin ciki ya koɗe an liƙe shi da salatif, matakalar lantarki ta lalace an sa mata igiya wata da watanni, fitila uku cikin goma sun mutu, layin biya guda ɗaya ne kawai ke aiki, to fenti kawai aka yi wa lamarin. Debenhams ta fito da sabon tambari da sabuwar talla a watan Satumban 2018, zuwa Afrilun 2019 masu bin ta bashi sun karɓe ta. Wata bakwai ke nan fa.

Akwai kuma canjin sunan da dole ce ta sa. WHSmith da asalinta tun 1792 ta sayar da kantunanta na cikin gari kusan 480 ga kamfanin zuba jari na Modella Capital a 2025, amma ba ta sayar da sunan ba, ta riƙe abinta don kantunan filin jirgi da tashar jirgin ƙasa da asibitoci inda riba take. Sai sabon mai shi ya ƙirƙiro TGJones, kuma babu wani mutum mai wannan sunan da ya kafa kantin, an dai nemi suna ne mai kama da na da, har launin shuɗi da fari aka bari. Ni dai in na ga mai abu ya zaɓi ɓangaren da zai riƙe ya saki ɗaya, na san wanne ne ya daina kawo masa kuɗi. Ba ina cewa kantin zai faɗi ba ne, amma ka sani cewa wanda kake ciniki da shi a cikin gari yanzu ba shi ne na filin jirgi ba, kada ka ɗauka rasit ko katin wancan zai yi aiki a wannan, ka tambaya tukuna.

Alama ta biyu kantocin jera kaya. Wannan ita ce ta fi gaskiya a wurina don ba a iya ɓoye ta. Yadda abin yake shi ne, masu kawo wa kanti kaya bashi suke bayarwa, su kuma suna da inshorar da ke biyan su idan kantin ya kasa biya. Da zarar kamfanonin inshorar sun ji ƙishin-ƙishin sai su janye, masu kawo kaya su ce to sai dai kuɗi hannu, kantin kuma ba shi da tsabar kuɗin, sai kaya su fara yankewa. Abin da za ka gani shi ne an ɗauko abu ɗaya, a ce sabulun wanki iri ɗaya, an baje shi layi guda a gaba-gaba tun daga wannan ƙarshen har wancan, in ka ɗaga ɗaya ka leƙa bayansa wayam. Ko ka je neman batir da ƙwan fitila a kantin da aka san shi da su a ce maka sun ƙare, ka koma bayan sati biyu a sake ce maka sun ƙare. Masu shiga Wilko sun daɗe suna ganin haka kafin ta faɗi ranar 10 ga Agustan 2023, da kantuna kusan 400 da ma'aikata kusan 12,500. Haka nan ragin farashin da ba ya ƙarewa, yau kashi 30 gobe kashi 50 jibi kashi 70 tun daga Janairu har Disamba, wannan neman tsabar kuɗin biyan haya ne da albashi.

Na uku, ka binciki wa ya mallaki kamfanin da bashin da ke wuyansa. Wannan kyauta ne, ka shiga shafin Companies House, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasar, ka rubuta sunan kamfanin, za ka ga daraktoci da rahoton kuɗi na shekara da jinginar da aka yi da kadarorinsa. Ba sai kai akanta ne ba. Duba ko rahoton ya makara, kamfani mai zaman kansa wata 9 doka ta ba shi bayan ƙarshen shekararsa ta kuɗi, in ya wuce shafin zai nuna. Duba ko daraktoci na ta ajiye aiki a jere, ko an ƙara sabuwar jingina kwanan nan. Sannan ka karanta abin da masu binciken kuɗi suka rubuta, in suka ce akwai shakku kan ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki to ba wasa suke ba.

Me ya sa bashi ke da muhimmanci haka? Saboda mutane na yawan cewa intanet ce ta kashe kantunan nan, Amazon ce, korona ce. Eh suna da hannu, har da harajin gine-ginen kasuwanci da ke danne mai kanti a tsakiyar gari fiye da mai sito a bayan gari. Amma da yawansu tun kafin nan an riga an tatse su. Debenhams a 2003 kamfanonin zuba jari suka saye ta da kuɗin da akasarinsa rance ne, a 2005 aka sayar da gine-ginenta 23 ga British Land kan fam miliyan 495 sannan ta koma tana biyan haya a cikinsu na tsawon shekaru masu yawa, a 2006 aka mayar da ita kasuwar hannun jari da tulin bashi. To ina za ta samu kuɗin gyaran kanti ko gina shafin intanet na kirki? Ita kuwa BHS, Philip Green ya saye ta fam miliyan 200 a 2000, ya sayar da ita fam 1, eh fam ɗaya tak, a Maris ɗin 2015 ga wani rukuni da Dominic Chappell ke jagoranta, mutumin da ya taɓa tsiyacewa a hukumance kuma bai taɓa riƙe babban kanti ba. Bayan wata 13 ta faɗi, ma'aikata 11,000, giɓin kuɗin fansho fam miliyan 571. Daga baya a 2017 Green ya zuba fam miliyan 363 a asusun fanshon bayan 'yan majalisa sun taso shi a gaba. Don haka in ka ji an sayar da babban kamfani da kuɗin da ko shayi ba zai saya ba, bashinsa ne aka kai kasuwa.

Sai haruffa uku da ya kamata kunnenka ya saba da su a labarai, CVA. Yarjejeniya ce da kamfani ke yi da masu bin sa bashi, galibi masu gidajen haya, a rage masa haya a rufe wasu kantuna, kuma sai masu kashi 75 na bashin cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a sun amince. Wasu na tsira da ita, New Look ta yi a 2018 ta sake a 2020 kuma ta rayu. Amma duba sauran, BHS ta yi a Maris ɗin 2016 ta faɗi a Afrilu, Toys R Us ta Birtaniya ta yi a Disamban 2017 ta faɗi a Fabrairu, House of Fraser ta yi a Yunin 2018 ta faɗi a Agusta. Ranar da ka ji kalmar nan an haɗa ta da kantin da kake da wani abu a wurinsa, ranar za ka tashi, ba gobe ba.

To me za ka yi? Katin kyauta dai ka kashe shi. Kada ka tsaya jiran abin da ya burge ka, sayi tawul ko safa ko tukunya, komai ya fi babu. Dalili kuwa, idan kamfani ya faɗi ana miƙa shi ne ga akantocin da doka ta ba ikon kula da shi, aikinsu kamar na masu rabon gadon mamacin da bashi ya fi dukiyarsa yawa, akwai waɗanda ake fara sallama, masu jingina irin su bankuna, da kuɗin aikin su kansu akantocin, da wani ɓangare na haƙƙin ma'aikata, da hukumar haraji, kai mai katin fam 50 kana can ƙarshen layi kuma sau da yawa kafin a zo kanka an share tukunyar. Su ke da ikon cewa za a karɓi katin ko ba za a karɓa ba. HMV a Janairun 2013 da farko an ƙi karɓa, mutane da katunan da aka ba su na Kirsimeti a hannu, sai da aka yi ta surutu sannan aka dawo ana karɓa. A kantunan Arcadia, wato su Topshop da Burton da Dorothy Perkins, bayan faɗuwarsu a ƙarshen Nuwamban 2020 sai aka ce katin rabin kuɗin kaya kawai zai biya, ma'ana in kana da fam 20 a kati sai ka sayi kayan fam 40 ka cika sauran daga aljihunka. Kuma don Allah in za ka yi wa wani kyauta kana shakkar kantin, ba shi kuɗinsa a hannu kawai.

Babbar sayayya kuma, irin gado ko kujeru ko injin wanki da za a kawo maka gida daga baya, yi amfani da katin bashi na banki. Sashe na 75 na dokar bashin masu sayayya ta 1974 ya ce in farashin abin ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, bankin da ya ba ka katin shi ma yana da alhaki daidai da kantin, in kaya ba su zo ba shi za ka bi. Abin daɗin ma ko wani ɓangare kaɗan ka biya da katin, sauran ka biya ta wata hanya, kariyar ta shafi duka kuɗin. Wanda ba ya son harkar kuɗin ruwa sai ya biya bankin gaba ɗaya kafin wa'adin wata ya cika, in kuma sam ba ka riƙe irin wannan katin, to katinka na cirar kuɗi yana da tsarin da bankuna ke kira cajbak, wato a janyo maka kuɗinka daga bankin kantin. Shi wannan ba doka ba ce, ƙa'idar su Visa da Mastercard ce, kuma yawanci kwana 120 gare ka, saboda haka kada ka yi sanya. Tsabar kuɗi ko tura kuɗi kai tsaye ta asusu kan kayan da ba ka riƙe a hannu ba, wannan kam a'a. Ajiye rasit, ɗauki hotonsa a waya don tawadar tana gogewa.

Gwanjon rufe kanti shi ma a yi hattara. Za ka ga manyan takardu ja da rawaya an liƙe gilashi, komai sai ya tafi, mutane na ta turereniya. Satin farko ragin ba wani abin kirki ba ne, fito da wayarka ka gwada farashin da na wasu wurare kafin ka ɗauka. Yawanci kuma in ka saya ka saya ke nan, ba canji don bai yi maka ba. In kayan na da aibi doka ta ba ka haƙƙi, amma wa za ka kama bayan sati uku an sa kwaɗo? Don haka gwada rigar a can, buɗe kwalin ka ƙirga abin da ke ciki, kayan lantarki kuma ka tabbatar akwai garantin kamfanin da ya ƙera don shi yana nan ko kantin ya mutu, saɓanin ƙarin garantin da kantin da kansa ke sayarwa, wannan sai ka bincika wa ke bayansa.

In kuma aiki kake a irin wannan kantin, ajiye takardun albashinka da kwantiragi a gida. Akantocin za su ba ka lambar da za ka nemi haƙƙinka da ita a hukumar Insolvency Service, albashin da aka riƙe har na sati 8, kuɗin hutu har na sati 6, da kuɗin sallama in ka kai shekara 2, duk da akwai iyakar abin da ake biya a kowane sati.

Saura sunayen da ke dawowa bayan an binne su. Boohoo mai sayar da tufafi ta intanet ta sayi sunan Debenhams da shafinta kan fam miliyan 55 a Janairun 2021 ba tare da kanti ko ɗaya ba, ASOS ta ɗauki Topshop, The Range ta ɗauki sunan Wilko. In ka ga shafi da tsohon sunan da ka sani, gangara can ƙasa ka karanta sunan kamfanin da lambar rajistarsa, don sabon mai sunan ba dole ba ne ya karɓi tsohon katinka ko ya canza maka kayan da ka saya a wurin na da. Kuma a kula da 'yan damfara, lokacin faɗuwar Wilko shafukan bogi sun cika Facebook suna tallan ragin kashi 90 da tambarin kamfanin, alhali a lokacin ma an dakatar da kai kaya gida ta shafin na gaskiya. Kada ka danna mahaɗin talla, rubuta adireshin shafin da hannunka, in kuma ba ka tabbata wanne ne na gaskiyar ba duba sanarwar akantocin da aka damƙa wa kamfanin, suna sa ta a nasu shafin.