Kurakuran da aka fi yi wajen tambayar shirin fita da Sifaniyanci

Mai jin Hausa yana da sa'a a wannan darasi. Mukan ce "Ina za ka?", mu kuma ce "Me za ka yi?", duk da "za" ɗin nan guda. Haka abin yake a Sifaniyanci: ¿Adónde vas? ina za ka, ¿Qué vas a hacer el sábado? me za ka yi ran Asabar. Wurin tuntuɓe shi ne ɗan ƙaramin "a" na tsakiya. Mutanen Madrid da saurin baki suke, kuma ba a furta harafin "h", sai kunne ya ji kamar kalma ɗaya. Daga nan mai koyo ya ɗauko vas hacer ya riƙe. Mayar da "a" wurinsa. In ya haɗu da el kuma, sai su dunƙule su zama al: ¿Vas al museo?

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na quedar da quedarse, domin yana ɓata alkawari. ¿Quedamos a las seis? na nufin mu haɗu ƙarfe shida. Da zarar ka ƙara nos, ka ce nos quedamos, to ka ce mu yi zamanmu ke nan. Na taɓa ganin wani ɗalibi ya tura wa abokin karatunsa ¿Nos quedamos?, alhali so yake su je Prado, gidan adana zane-zane na Madrid. Abokin ya amsa da vale, wato "to", ya ci gaba da zamansa a ɗaki, shi kuwa yana can bakin ƙofa a layi. Abin takaicin, a awa biyun ƙarshe ne ake shiga Prado kyauta, daga shida zuwa takwas Litinin zuwa Asabar, lokacin kuwa ba ya jiran kowa.

Ƙarfe shidan nan ma, kada ka kira shi noche, wato dare, don magariba ta kusa. A Sifaniya tarde, wato yamma, kan kai har wajen takwas. Mañana kuma gobe ce, safiya ce: gobe da safe shi ne mañana por la mañana.

Akwai wani da ke kayar da waɗanda suka yi nisa ma. An koya maka cewa wuri da estar ake tambayarsa, kuma gaskiya ne ga gini: ¿Dónde está el teatro? Amma taro, kamar wasan kiɗa, da ser yake tafiya: ¿Dónde es el concierto? Ka tambayi kanka: abin nan ajiye yake, ko yin sa ake yi?

Tikitin shiga entrada ne. Billete na jirgin ƙasa ne da mota. A Meziko boleto za ka fi ji.

In gayyata ce a ranka, ¿Quieres ir? daidai ne, sai dai ¿Te apetece ir? ya fi taushi a bakin mutanen Sifaniya. Ga dattijo kuwa ka ce ¿Le apetece?, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Kuma kafin ka ja mutum zuwa gidan zane-zane na Reina Sofía a Madrid ganin Guernica, zanen da Picasso ya yi a 1937, ka duba ranar: ¿Abre el martes? Ran Talata a rufe yake.